Kurakuran RAM a sabon babban allon kwamfuta

Kuskuren RAM shi ne yanayin da kwamfuta za ta ajiye bayani a ƙwaƙwalwarta ta wucin gadi, idan ta koma ɗaukarsa sai ta tarar ba yadda ta ajiye shi yake ba. Matsalar na iya faruwa a kowace kwamfuta, amma an fi cin karo da ita a kwanakin farko bayan an haɗa sabuwar kwamfuta ko an canza mata babban allo. Babban allo shi ne faffaɗan allon da ke cikin akwatin kwamfuta, wanda ake dasa furosesa da RAM da sauran sassa a kansa. Masu gyara a Zariya da Kano suna kiransa "bod" ko "madabod".

Ko da yake sunan RAM ake kamawa, sau da yawa sandar RAM ɗin lafiyarta ƙalau. Bayani yana bin hanya mai sassa da dama: sandar kanta, gurbin da aka zura ta, layukan tagulla da ke jikin allo, sashen kula da ƙwaƙwalwa da ke cikin furosesa, saitin BIOS, da kuma wutar lantarkin da ke ciyar da su duka. Ko wanne daga cikinsu ya samu tangarɗa, alamar da za a gani kusan iri ɗaya ce. Saboda haka ƙa'idar binciken wannan matsala ita ce a canza abu ɗaya tak, a gwada, sannan a matsa zuwa na gaba.

Yadda RAM ke aiki

RAM ita ce wurin da kwamfuta ke riƙe duk abin da take aiki a kai a wannan lokacin. Idan aka buɗe takarda ko manhaja, ana kwaso ta daga faifan ajiya a ɗora ta a RAM, domin furosesa ta fi saurin kaiwa gare ta a can. Da zarar an kashe wuta, duk abin da ke cikin RAM ya goge.

Nau'in RAM da ake amfani da shi a kwamfutocin yau ana kiransa DRAM. Robert Dennard na kamfanin IBM ne ya ƙirƙiro tsarinsa a shekarar 1966, kuma a 1970 kamfanin Intel ya fitar da guntun DRAM mai suna 1103, wanda ke riƙe bit 1,024 kacal. Bit shi ne mafi ƙanƙantar bayani a kwamfuta, wato 0 ko 1. A cikin DRAM kowane bit yana da ɗan ɗakinsa mai ƙunshe da turanzista ɗaya da kafasita ɗaya, kuma cajin da kafasitar ke riƙe da shi ne ke nuna 0 ko 1. Sandar RAM mai gigabait 8 tana da irin waɗannan ɗakuna fiye da biliyan 68.

Kafasitar ba ta iya riƙe caji na dogon lokaci, yoyo take yi kamar randa mai tsaguwa. Don haka dole a riƙa sabunta cajin kowane ɗaki akai-akai. A DDR3 da DDR4 ana zagaye dukkan ɗakunan cikin milisakan 64, wato kusan sau 15 a daƙiƙa ɗaya. Zafi yana ƙara saurin yoyon, shi ya sa ƙa'ida ta ce idan zafin guntu ya wuce digiri 85 na ma'aunin Salshiyos a ninka yawan sabuntawar.

A da, sashen da ke kula da shiga da fitar bayani a RAM yana kan babban allo ne. Kamfanin AMD ya mayar da shi cikin furosesa a 2003 da Athlon 64, Intel kuma ya bi sahu a 2008. Tun daga lokacin, furosesa ma na iya zama sanadin kuskuren RAM.

Nau'o'in RAM da dacewarsu da allo

Ƙungiyar JEDEC da ke Amurka ce ke tsara ƙa'idojin RAM da kamfanoni ke bi. Nau'o'in da ake samu a kwamfutar tebur su ne:

- DDR, daga shekarar 2000, mai ƙafafu 184, tana aiki da bolt 2.5.
- DDR2, daga 2003, mai ƙafafu 240, bolt 1.8.
- DDR3, daga 2007, mai ƙafafu 240, bolt 1.5. Akwai ƙanwarta DDR3L mai bolt 1.35.
- DDR4, wadda ta shiga kasuwa a 2014, mai ƙafafu 288, bolt 1.2.
- DDR5, wadda aka fitar da ƙa'idarta a 2020, mai ƙafafu 288, bolt 1.1.

Kowane nau'i yana da ɗan tsagi a gefen ƙafafunsa a wuri daban, don kada a zura shi a gurbin da ba nasa ba. Sandar DDR4 ba ta shiga gurbin DDR5 ko da yake yawan ƙafafunsu ɗaya ne. Furosesar Intel ta ƙarni na 12 da ta fito a 2021 tana iya aiki da DDR4 ko DDR5, amma allon da aka saya shi ke yanke wanda za a saka. Allunan AMD masu soket AM5 na 2022 kuwa DDR5 kaɗai suke karɓa. Sandunan laftof sun fi na tebur gajarta, kuma ƙafafunsu 204 ne a DDR3, 260 a DDR4, 262 a DDR5.

Shigar sanda cikin gurbi ba ya nufin ta dace. Takardar da ke manne a jikinta na ɗauke da bayanin da ake buƙata. Misali, a rubutun PC3-12800U, "PC3" na nufin DDR3, lambar na nuna sauri, harafin U kuma na nufin sandar kwamfutar tebur ce ta yau da kullum. Idan R ne a wurin U, sandar saba ce, wato manyan kwamfutocin kamfanoni. Irin wannan za ta zauna daidai a gurbi, amma kwamfutar gida ba za ta tashi da ita ba. Haka kuma laftof da yawa masu furosesar Intel ta ƙarni na 4 suna buƙatar sanda mai rubutun PC3L, idan aka saka musu PC3 sai su ƙi kunnuwa ko su riƙa tsayawa.

Rabe-raben kuskure

Masana sun kasa kurakuran RAM gida biyu. Na farko shi ne kuskure mai wucewa, inda bit ɗaya ya juye sau ɗaya alhali ɗakinsa bai lalace ba. Idan aka sake rubuta bayani a wurin, sai ya zauna daidai. A 1978 Timothy May da Murray Woods na Intel suka gano cewa ɓurɓushin sinadarai masu fitar da tururin nukiliya da ke cikin rufin guntu na juya bit. A 1979 kuma James Ziegler na IBM da William Lanford suka nuna cewa ƙwayoyin zarra da ke saukowa daga sararin samaniya ma suna yin haka.

Na biyu shi ne kuskure mai dawwama, inda ɗaki ko layin ɗakuna ya lalace, kullum wuri ɗaya ke ba da amsar da ba daidai ba. A 2009 Bianca Schroeder ta Jami'ar Toronto, tare da Eduardo Pinheiro da Wolf-Dietrich Weber na Google, suka wallafa binciken da suka yi a kan kwamfutocin Google na tsawon shekara biyu da rabi. Sun gano cewa fiye da kashi 8 cikin 100 na sanduna suna samun kuskure a kowace shekara, kuma alamu sun nuna kurakurai masu dawwama sun fi masu wucewa yawa.

A sabon allo akwai yanayi na uku wanda shi ya fi yawa: ɗakunan RAM lafiya lau suke, amma bayanin yana gurɓata a kan hanya, ko dai saboda an saita sauri fiye da abin da sassan za su iya ɗauka, ko kuma wani wuri bai haɗu da kyau ba. Wannan shi ake kira rashin daidaito.

Juyewar bit ɗaya na iya zama babban abu. Lamba 65 a lissafin kwamfuta ana rubuta ta 1000001. Idan bit na farko ya koma 0, lambar ta zama 1. Ɗalibin da ya ci maki 65 zai iya bayyana da maki 1 ba tare da kwamfutar ta nuna wata alama ba. A zaɓen ƙasar Beljiyam na 2003, a gundumar Schaerbeek da ke birnin Brussels, wata 'yar takara ta samu ƙarin ƙuri'u 4,096 a na'urar ƙidaya. An gane ne saboda ƙuri'un sun wuce abin da zai yiwu, kuma masu bincike sun kyautata zaton juyewar bit ɗaya ce ta jawo hakan, domin 4,096 daidai yake da darajar bit na 13.

Alamomi

Alamomin sun danganta da girman matsalar.

Idan matsalar babba ce, kwamfutar ba ta tashi ko kaɗan. Fanka na juyawa, fitila na ci, amma sikirin baƙi ƙirin. Wasu alluna suna yin ƙara ta ɗan lasifikarsu, kuma ma'anar yawan ƙarar ta bambanta daga kamfani zuwa kamfani, sai an duba littafin jagorar allon. Sababbin alluna da yawa suna da ƙananan fitilu huɗu masu rubutun CPU, DRAM, VGA da BOOT. Idan fitilar DRAM ta tsaya a kunne, a matakin RAM kwamfutar ta maƙale.

Idan matsalar matsakaiciya ce, kwamfutar na tashi amma ba ta daɗewa. Tana iya sandarewa, ko ta sake kunna kanta, ko Windows ya nuna shuɗin sikirin. Saƙonnin da aka fi gani su ne MEMORY_MANAGEMENT, PAGE_FAULT_IN_NONPAGED_AREA da IRQL_NOT_LESS_OR_EQUAL. Waɗannan saƙonni kan fito kuma saboda manhajar direba mara kyau, don haka ba hujja ba ce kai tsaye. Abin da ya fi nuna RAM shi ne saƙon ya riƙa canzawa, yau wannan gobe wancan, ba tare da wani tsari ba.

Idan matsalar ƙarama ce, alamar a ɓoye take. Manhajar lilo na rufe kanta jefi-jefi, fayil ɗin da aka kwafa ya ƙi buɗewa, ɗora Windows ya tsaya a tsakiya da saƙon cewa fayil ya lalace alhali filashin da ake ɗorawa daga ciki ya yi aiki a wata kwamfuta. Wannan mataki ya fi sauran haɗari, domin gurɓataccen bayani yana sauka daga RAM zuwa faifan ajiya, daga nan ya shiga kwafin da aka adana a wani wuri.

Akwai abubuwa biyu da ake ɗauka kuskure ne alhali ba shi ba ne. Windows mai bit 32 ba ya iya amfani da fiye da gigabait 4, don haka ko an saka 8 zai nuna ƙasa da 4. Haka nan kwamfutar da ba ta da katin hoto na daban tana yankar wani kaso na RAM ta ba sashen hoto.

Dalilan da ke jawo matsalar a sabon allo

Rashin zama daidai. Wannan shi ne dalili mafi sauƙi kuma yana daga cikin mafi yawa. Gurbin sabon allo yana da tauri, kuma alluna da yawa a gefe ɗaya kawai suke da maƙulli. Sanda na iya shiga ta gefe ɗaya, ɗaya gefen ya ɗan ɗaga ba tare da ido ya gani ba.

Saka sanduna a guraben da ba su ba. Allo mai gurabe huɗu yana da tashoshi biyu, A da B, kowace da gurbi biyu. Ga mai sanda biyu, yawancin alluna na zamani suna son a saka su a A2 da B2, wato gurbi na biyu da na huɗu idan aka ƙirga daga furosesa. Idan aka saka su a A1 da B1, ragowar layin tagulla da ke zuwa gurbin da babu komai yana maido da amon sigina, kamar yadda murya ke dawowa a ɗakin da ba kaya, sai bayani ya rikice idan sauri ya yi yawa.

Saitin XMP ko EXPO. Kowace sanda na da ɗan guntu mai suna SPD da ke gaya wa allo saurinta. Da farko allo yana ɗaukar saurin ƙa'idar JEDEC, kamar 2133 ko 2400 a DDR4, ko 4800 a DDR5. Babbar lambar da ke jikin kwali, kamar 3600 ko 6000, ba ta samuwa sai an kunna XMP, wanda Intel ya fito da shi a 2007, ko EXPO na AMD da ya fito a 2022. Kunna su tura sassa ne su yi gudu fiye da ƙa'ida, galibi tare da ƙarin wuta zuwa bolt 1.35. Sanda na iya ɗaukar wannan gudun, furosesar ta kasa.

Gauraya sanduna. Sanduna biyu masu girma ɗaya da suna ɗaya na iya ƙunsar guntaye daga masana'antu daban, domin yawancin guntayen DRAM na duniya daga kamfanoni uku suke fitowa: Samsung, SK Hynix da Micron. Sau da yawa gaurayen na aiki a saurin ƙa'ida, amma ba a da tabbas a kansa idan aka kunna XMP. Cika gurabe huɗu ma yana ƙara wa furosesa nauyi, musamman a DDR5.

Tsohon BIOS. BIOS ko UEFI ita ce manhajar da ke cikin allo, wadda ke tayar da sassa kafin Windows ya hau. Allo na iya yin watanni a shago, ya zo da BIOS ɗin da bai san sabuwar furosesa ko sabuwar sanda ba. Kamfanonin alluna kamar ASUS, Gigabyte, MSI da ASRock suna fitar da sabuntawa a shafukansu, tare da jerin QVL na sandunan da suka gwada a kowane allo.

Soket da ɗaurin fanka. A allunan Intel da na AM5, siraran allurai suna cikin soket ne, kuma da yawa daga cikinsu na RAM ne. Allura ɗaya ta lanƙwashe, tasha guda na iya mutuwa, a saka gigabait 16 kwamfuta ta ga 8. Ɗaure fankar furosesa da ƙarfi fiye da kima, ko ɗaure gefe ɗaya fiye da ɗaya, yana iya jawo irin wannan.

Haɗa allo a akwati. Allo yana zama ne a kan ƙananan ginshiƙan ƙarfe. Idan aka bar ginshiƙi a inda sabon allon ba shi da rami, zai taɓa bayan allon ya haɗa wuta.

Akwatin rarraba wuta. Mutane da yawa suna canza allo su bar tsohon fawa-fak. Idan ya gaji, wutar da yake bayarwa tana rawa lokacin da aiki ya yi nauyi, sai alamar ta fito kamar ta RAM.

Matakan bincike

Ana bin matakan daga mai sauƙi zuwa mai tsada. Kafin a taɓa komai a cikin akwati, ana zare wayar wuta daga bango, a danne maɓallin kunnawa na 'yan daƙiƙoƙi don sauran caji ya fita, sannan a taɓa ƙarfen akwatin. Ana riƙe sanda ta gefunanta, ba a taɓa ƙafafunta masu ruwan zinare.

1. A yi haƙuri a kunnawar farko. Allo yana auna sanduna ya daidaita kansa da su, abin da ake kira horar da ƙwaƙwalwa. A DDR5 wannan na iya ɗaukar mintuna da sikirin baƙi, kuma kwamfutar na iya sake kunna kanta sau da dama. Kashe ta a tsakiya yana mayar da aikin baya.
2. A kwafe muhimman fayiloli, idan da hali ta hanyar cire faifan ajiya a haɗa shi da wata kwamfuta mai lafiya.
3. A cire sanduna a sake zura su har maƙulli ya kama da kansa, a guraben da littafin jagora ya nuna.
4. A mayar da BIOS saitinsa na asali. Ana yin haka daga cikin BIOS, ko ta haɗa allurai biyu na CMOS, ko ta cire ɗan batirin CR2032 na wasu mintuna. Wannan yana kashe XMP.
5. A gwada da manhajar gwaji a saurin ƙa'ida. Idan babu kuskure a nan amma yana fitowa da XMP, matsalar ta saiti ce. Sai a rage saurin mataki ɗaya a sake gwadawa.
6. Idan har yanzu akwai kuskure, a bar sanda ɗaya a gurbin da aka fi so, galibi A2, a gwada. Sannan a cire ta a saka ɗayar a wannan gurbin. Idan kuskure ya bi sanda, sandar ce.
7. A ɗauki sandar da ta ci gwaji a zagaya da ita sauran gurabe. Idan kuskure ya tsaya a gurbi ɗaya ko tasha ɗaya, sai a duba gurbin, da alluran soket, da ɗaurin fanka.
8. A sabunta BIOS. Ɗaukewar wuta a tsakiyar wannan aiki na iya hana allo tashi, don haka ba a fara shi sai da UPS ko inbata.
9. A ƙarshe a gwada da wani fawa-fak, ko a kai sandunan wata kwamfuta, ko a gwada wata furosesa.

Rubuta sakamakon kowane mataki a takarda yana hana maimaita aiki, kuma shi za a nuna wa mai shago idan za a mayar da kaya.

Manhajojin gwaji

Manhajar gwaji tana rubuta jerin 0 da 1 da ta sani a kowane ɗaki, ta karanto su, ta kwatanta. Wadda aka fi sani ita ce MemTest86, da Chris Brady ya fara rubutawa a 1994, kuma kamfanin PassMark na Ostireliya ya karɓe ta a 2013. Akwai kuma Memtest86+, wadda ta samo asali daga ita kuma kyauta ce gaba ɗaya. Dukansu ana ɗora su a filash a tayar da kwamfuta daga nan, domin idan Windows na gudana yana riƙe da wani ɓangare na RAM da ba za a iya gwadawa ba. Windows ma yana da nasa gwajin tun daga Vista, ana buɗe shi ta rubuta mdsched, amma bai kai waɗancan zurfi ba.

Zagaye ɗaya ba ya wadatarwa. MemTest86 na yin zagaye huɗu a saitinta na asali, kuma masu gyara da yawa suna barin gwaji ya kwana yana gudana. Kuskure ko da guda ɗaya ne faɗuwa ce. Adireshin da kuskuren ya fito yana taimakawa: idan kullum wuri ɗaya ne, an fi zargin lalacewar guntu; idan a warwatse yake, an fi zargin saiti, furosesa ko wuta. Abin da manhajar ke iya faɗi shi ne akwai kuskure a hanyar, ba ta iya nuna sashen da ya jawo shi.

Wasu kurakuran ba sa fitowa sai akwati ya ɗauki zafi. Don haka bayan an ci gwajin filash, ana ƙarawa da gwajin nauyi a cikin Windows, kamar Prime95 ta George Woltman, wadda ke sa furosesa da RAM aiki tuƙuru a lokaci guda.

A arewacin Najeriya

A garuruwan arewacin jihar Kaduna kamar Makarfi, Ikara da Hunkuyi, hedikwatar ƙaramar hukumar Kudan, kwamfutar tebur ta fi yawa a shagunan buga takardu da rajistar intanet, makarantu da ofisoshi. Ɗalibai, ciki har da na Kwalejin Kimiyyar Lafiya da Fasaha ta Shehu Idris da ke Makarfi da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, suna dogara da irin waɗannan shaguna wajen buga furojet da cike fom. Tun 2015 kuma hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta ta shiga jami'a gaba ɗaya a kan kwamfuta, abin da ya ƙara yawan ɗakunan kwamfuta masu aiki na sa'o'i ba hutu.

Kayan gyara kan zo daga Zariya, ko daga titin Beirut da kasuwar Farm Centre a Kano, ko daga kasuwar Computer Village ta Ikeja a Legas. Da yawa daga cikinsu tokumbo ne, wato waɗanda aka yi amfani da su a ƙasashen waje. Don haka "sabon allo" sau da yawa yana nufin sabo a wurin mai shi, kuma ana haɗa shi da sandunan da aka ciro daga kwamfutoci daban-daban, har da na saba. Karanta takardar jikin sanda da gwada ta a gaban mai sayarwa, da karɓar rasit mai nuna kwanakin garanti, yana rage asarar kuɗin mota zuwa birni da dawowa.

Yanayin yankin ma yana da tasiri. A lokacin hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ƙura mai laushi na shiga gurabe, busasshiyar iska kuma tana sa jikin mutum ya tara caji, irin wanda ake ji idan an taɓa ƙofar mota. Cajin da mutum bai ma ji ba ya isa ya lalata guntu. A bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafin rana kan kusanci digiri 40, kuma cikin akwatin da ke shago mai rufin kwano ya fi haka. Ana cire ƙura da bulowa ko busasshen buroshi mai laushi. Masu gyara kan goge ƙafafun sanda da kilinar fensir, amma dole a share ɓurɓushinta tas, kuma tsumma mai ɗan sifirit ya fi aminci.

Wutar lantarki ita ce babbar ƙalubale. Ƙa'idar Najeriya bolt 230 ce, amma wutar kan yi ƙasa ko sama da haka, kuma sauyawa tsakanin nepa da janareta na kawo tsalle. Sitabilaiza da UPS suna kare fawa-fak, shi kuma ya kare allo. Kwamfutar da ke tsayawa a kan janareta kawai, amma tana aiki lafiya a kan inbata, wutarta ya kamata a fara bincika kafin RAM.

Wata al'ada da ta yaɗu ita ce yi wa kwamfuta fomatin da zarar ta fara nuna shuɗin sikirin. Idan matsalar ta RAM ce, fomatin ba ya maganinta. Sabon Windows ɗin ma ta cikin RAM ɗin yake bi kafin ya sauka a faifai, don haka yana iya hawa da lahani tun daga ranar farko, kuma fayilolin mai kwamfutar sun riga sun tafi.

RAM mai gyara kuskure

Akwai nau'in RAM da ake kira ECC, wanda ke gano kuskure ya gyara shi da kansa. Tushensa lissafin da Richard Hamming na cibiyar Bell Labs ya wallafa ne a 1950. A DDR3 da DDR4, sandar ECC tana ƙara bit 8 a kan kowane bit 64, kuma da wannan ƙarin ana iya gyara juyewar bit ɗaya, a kuma gane juyewar bit biyu. Ana amfani da ita a saba da kwamfutocin bankuna da cibiyoyin bincike, kuma sai furosesa da allo duka sun goyi bayanta take aiki.

Kowane guntun DDR5 yana da ɗan gyaran kuskure a cikinsa, amma wannan yana kare bayani ne a cikin guntun kawai. Kuskuren da ya auku a kan hanya tsakanin sanda da furosesa ba ya ganinsa, don haka kwamfuta mai DDR5 ta gida ma tana buƙatar gwaji bayan an haɗa ta.

Duba kuma

- Kwamfuta
- Furosesa
- BIOS
- Faifan ajiya
- Wutar lantarki a Najeriya